Me ya sa aka manta Kevin a gida? Ilimin halayyar ɗan Adam a fina-finan Kirsimeti

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, tashoshin talabijin na Amurka da Turai sukan kakkaɓe wasu tsofaffin fina-finai su sake haska su, kuma ta hanyar tauraron ɗan Adam da intanet fina-finan kan iso gidaje a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Home Alone, labarin yaro ɗan shekara takwas da iyayensa suka tafi hutun Kirsimeti birnin Paris suka bar shi a gida ba da saninsu ba. Yara kan kalle shi saboda wahalar da ɓarayi biyu suka sha a hannun yaron. Manya kuwa sukan tsaya a kan tambaya guda: yaya za a yi uwa mai hankali ta hau jirgi ba ta lura babu ɗanta ba?

Amsar tana cikin ilimin halayyar ɗan Adam, fannin da ke nazarin yadda mutum ke lura da tunawa da yanke shawara da zama da jama'a. Ana lissafa farkonsa a matsayin kimiyya daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko a Jami'ar Leipzig da ke Jamus. Cikin manyan abubuwan da fannin ya tabbatar tun daga lokacin akwai cewa ƙwaƙwalwa ba ta iya bin diddigin duk abin da ke gabanta. Saboda haka takan bi yanke, ta cike gurbi da abin da ta saba gani. Mafi yawan lokaci yanken yakan fisshe ta, wani lokaci kuma yakan kai ta ya baro. Fina-finai huɗu na lokacin Kirsimeti, tare da biranen da aka gina labaransu a ciki, sun isa su nuna yadda hakan ke faruwa, da abin da ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai ɗauka daga ciki.

Shikago: hankali ke gani

An fitar da Home Alone a watan Nuwamba na 1990. John Hughes ne ya rubuta labarin, Chris Columbus ya ba da umarni, Macaulay Culkin kuma ya fito a matsayin Kevin. Gidan da ake gani daga waje gida ne na gaske a Winnetka, wani ƙaramin gari na masu hali a gaɓar Tafkin Michigan, arewa da birnin Shikago, amma yawancin ɗakunan ciki an gina su ne a zauren wasannin wata makarantar sakandare da aka daina karatu a cikinta. An kashe kimanin dala miliyan 18 wajen shirya fim ɗin, ya kuma samo sama da dala miliyan 470 a faɗin duniya.

Wanda ya kalli farkon fim ɗin da natsuwa zai ga cewa kurakurai huɗu ne suka haɗu. Da dare Kevin ya yi rigima, aka tura shi ɗakin can saman bene ya kwana shi kaɗai. Madara ta zube a kan tebur, uban ya haɗa tikitin yaron da takardun goge hannu ya jefa a kwandon shara. Iska ta karya reshen bishiya a kan wayar lantarki, wuta ta ɗauke, agogon da zai tashe su bai kaɗa ba, suka makara. Da safe kuma, a cikin gaggawa, babbar yarinyar da aka sa ta ƙirga yara ta ƙirga da ɗan maƙwabta wanda ya juya baya yana leƙen kaya a mota. Lissafi ya cika, motoci biyu suka nufi filin jirgin saman O'Hare.

Abin da ya sami yarinyar nan yana da suna a wurin masana: makantar rashin lura. A shekarar 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun yi wani gwaji a Jami'ar Harvard. Sun nuna wa mutane gajeren bidiyo na matasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallo. Ana cikin wasan sai wani mutum sanye da shigar goggon biri ya ratsa tsakiyar fili. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Idanunsu na kan allon, amma hankalinsu ya tafi wajen ƙirga. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Yarinyar kawuna take nema, ta kuwa sami adadin da take tsammani, shi ya sa ba ta duba fuska ba.

A shekarar da fim ɗin ya fito, James Reason na Jami'ar Manchester a Ingila ya wallafa littafi a kan kuskuren ɗan Adam. Bayaninsa, wanda ake koyarwa yanzu a harkar jiragen sama da asibitoci, shi ne cewa kowace kariya tana da rami a jikinta, kuma babban haɗari kan auku ne a ranar da ramukan suka yi saiti. Da ɗaya kacal daga cikin kurakuran nan huɗu bai faru ba, da Kevin ya isa Paris. Wannan ya shafi duk ofishin da takarda ke bi ta teburi biyar kafin a biya kuɗi, da duk shagon da kaya ke wucewa daga sito zuwa mota zuwa kanti. Yawan sa hannu ba ya hana ɓarna idan kowa yana dogaro da cewa na gabansa ya duba. Haka nan mai tafiya da yara a tashar mota ranar jajibirin Sallah, kiran suna ɗaya bayan ɗaya ya fi masa ƙirga kawuna.

New York: taro da alhaki

A kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 1992, irin wannan yanken ne ya kama Kevin da kansa. Ya tsaya sauya batir a filin jirgi, ya ɗaga kai ya hangi wani mutum da kwat irin ta babansa, ya bi shi. Iyali suka sauka a Miami, shi kuma ya sauka a New York, birni mai gundumomi biyar da aka haɗe wuri guda a 1898, mai mutane sama da miliyan takwas. Ya kama ɗaki a otal ɗin Plaza, wanda aka buɗe a 1907, har ma ya tambayi hanya wurin mai otal ɗin na wancan lokaci, Donald Trump, a wata 'yar gajeriyar fitowa. Ya yi yawo a Central Park, lambun da ya kai eka 843 a tsakiyar Manhattan. A duk wannan yawo, dubban mutane sun wuce yaro shi kaɗai, kusan babu wanda ya tsaya ya tambayi ina iyayensa.

New York ce ta haifar da binciken da ya yi bayanin irin wannan shiru. A watan Maris na 1964 an kashe wata matashiya mai suna Kitty Genovese kusa da gidanta a gundumar Queens. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa maƙwabta 38 sun shaida abin ba su taimaka ba. Daga baya an gano cewa an zuzuta labarin, domin waɗanda suka ga abin da idonsu ba su kai haka ba, kuma akwai waɗanda suka yi yunƙurin taimako. Duk da haka labarin ya sa masana biyu da ke koyarwa a birnin, John Darley da Bibb Latané, suka shirya gwaji, suka wallafa sakamakonsa a 1968.

Sun zaunar da ɗalibi a ɗaki shi kaɗai yana tattaunawa da wasu ta na'urar magana, sai ya ji kamar farfaɗiya ta kama ɗaya daga cikinsu. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ne ke jin abin, kashi 85 cikin ɗari sun fita neman taimako kafin muryar ta yanke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke saurare, kashi 31 ne kawai suka yi hakan. Ana kiran wannan rarrabuwar alhaki: gwargwadon yawan shaidu, gwargwadon raguwar nauyin da kowane ɗaya ke ji a kansa. Ƙwaƙwalwa takan kuma dubi fuskokin jama'a, idan ta ga kowa ya yi shiru sai ta ɗauka babu matsala.

Wannan bai nuna cewa mutanen birni ba su da tausayi ba. A 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa sun nazarci bidiyon kyamarorin tsaro na rigingimu 219 a titunan Amsterdam da Lancaster da Cape Town, suka ga cewa a tara cikin kowane goma an sami aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani. Kowane mutum a taro yana iya jan ƙafa, amma idan taron ya yi yawa da wuya a rasa wanda zai motsa. Darasin da masu koyar da agajin gaggawa suka ɗauka shi ne a daina kiran jama'a a dunƙule. A nuna mutum ɗaya, a ce masa ya nemo mota, a nuna wani a ce ya kira asibiti. A wurin aiki ma haka ne: aikin da aka rubuta a rahoton taro cewa kwamiti zai yi, ba tare da sunan mutum da rana ba, yakan kwana a fayil.

Titi na 34: sirrin gyara

A wannan birni dai aka gina labarin Miracle on 34th Street na 1947. Fim ne na Kirsimeti, amma a watan Yuni aka fara haska shi, saboda shugaban kamfanin da ya shirya shi ya yi imanin cewa mutane sun fi zuwa silima a lokacin zafi. Labarin ya gudana a kantin Macy's da ke dandalin Herald, kantin da ya fara jerin gwanonsa na shekara-shekara a 1924. An ɗauki wani dattijo aikin saka tufafin Santa Claus yana karɓar yara. Manaja ya ba shi jerin kayan wasan da suka ƙi tafiya, ya ce ya riƙa tura iyaye wajensu. Dattijon ya ƙi. Duk uwar da ta nemi abin da babu a kantin, sai ya gaya mata kantin da za ta samu, ko da na abokan gasa ne. Maimakon ciniki ya ragu, sai iyaye suka riƙa zuwa suna godiya suna alƙawarin zama 'yan gida.

Labari ne ƙagagge, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa an gwada ta. A 1971 Dennis Regan na Jami'ar Cornell ya shirya gwaji inda wani ɗan koren mai bincike yake fita ya dawo da kwalbar lemo ya ba abokin zamansa ba tare da an roƙe shi ba. Daga baya sai ya nemi a sayi tikitin caca daga wurinsa. Waɗanda aka ba lemo sun sayi kusan ninki biyu na abin da sauran suka saya. Robert Cialdini ya sanya wannan ƙa'ida ta ramuwar alheri cikin manyan hanyoyin shawo kan mutane a littafinsa na 1984.

'Yan kasuwar ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan. Gyaran da mai awo ke ƙarawa a kan mudu, da kujera da ruwan sanyi da ake ba mai ciniki a shagon atamfa, duk suna aiki ne da wannan ƙa'ida. Ga mai sayarwa, gaskiyar da aka faɗa wa abokin ciniki yau jari ce ta gobe. Ga mai saye kuma akwai abin lura, domin nauyin da ake ji bayan karɓar kyauta ba ya auna girman kyautar. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kwangila ya aiko wa buhun shinkafa a ƙarshen shekara yana iya rantsuwa cewa abin bai taɓa ra'ayinsa ba, kuma da gaske yake a ransa. Gwajin Regan ya nuna cewa nauyin yana aiki ko mutum yana son mai kyautar ko ba ya so. Shi ya sa dokokin aiki kan taƙaita karɓar kyauta tun daga tushe.

Bedford Falls: garin da babu shi a taswira

Fim na huɗu, It's a Wonderful Life, Frank Capra ne ya shirya shi a 1946, James Stewart ya fito a matsayin George Bailey. Garin labarin, Bedford Falls, ƙagagge ne, ko da yake mutanen Seneca Falls a jihar New York suna cewa garinsu aka kwaikwaya, har sun buɗe gidan tarihi a kan fim ɗin. Titunan da ake gani cike da ƙanƙara kuwa an gina su ne a jihar California, aka kuma ɗauki fim ɗin a tsakiyar zafi.

George yana kula da wani ƙaramin kamfanin ba da rancen gina gidaje. Ranar jajibirin Kirsimeti baffansa ya tafi banki da dala 8,000, ya tsaya yi wa abokin hamayyarsu gori da wani labarin jarida, ya naɗe kuɗin a cikin jaridar ya miƙa masa ba tare da ya sani ba. Makantar rashin lura ce dai ta sake bayyana, wannan karon da ambulan ɗin kuɗi. Mai binciken asusu yana jira a ofis, George ya hango kurkuku da kunya, ya yanke ƙauna har ya yi fatan da ba a haife shi ba. A cikin labarin sai aka nuna masa yadda garin zai kasance da babu shi: ƙanensa da ya ceto daga ruwa suna yara ya mutu, iyalan da ya taimaka wa suka mallaki gida suna zaman haya.

Masana na kiran wannan tunanin "da a ce", wato auna abin da ya faru da abin da ka iya faruwa. Victoria Medvec da abokan aikinta sun nazarci fuskokin 'yan wasa a gasar Olamfik ta Barcelona ta 1992, suka ga cewa waɗanda suka ci tagulla sun fi masu azurfa nuna farin ciki. Mai azurfa yana kallon zinaren da ya kuɓuce masa, mai tagulla yana kallon wanda ya zo na huɗu ya koma hannu rabbana. A 2008 Minkyung Koo da wasu masana uku sun wallafa bincike mai ɗauke da sunan fim ɗin kansa. Sun gano cewa waɗanda aka sa su rubuta yadda rayuwa za ta kasance da ba su haɗu da abokan zamansu ba sun fi jin gamsuwa da zaman, a kan waɗanda aka sa su ba da labarin yadda suka haɗu. Sabo yakan sa ni'ima ta zama kamar bango, ba a ganin ta sai an ɗauke ta a zuci. Ɗan kasuwar da ke rufe lissafin shekara yana da zaɓin ma'aunin da zai ɗora ribarsa a kai.

Tarihin fim ɗin ma darasi ne. Da ya fito bai mayar da abin da aka sa rai ba. A 1974 ba a sabunta haƙƙin mallakarsa ba, sai tashoshin talabijin na Amurka suka sami damar haska shi a arha, suka yi ta maimaita shi kowace Disamba har ya zama abin da iyalai ke jira. Robert Zajonc na Jami'ar Michigan ya riga ya bayyana dalilin a 1968. Ya nuna wa mutane kalmomi marasa ma'ana da hotunan fuskokin da ba su sani ba, wasu sau ɗaya, wasu har sau 25, sai ya ga sun fi son waɗanda suka fi gani. Wannan tasirin yawan gani shi ne ginshiƙin talla, shi ne kuma dalilin da ke sa a lulluɓe gari da hoton ɗan takara kafin zaɓe. Abin da ido ya saba da shi yakan yi kama da abin amincewa, ko da ba a taɓa bincikarsa ba.

Abin da ke dawo da mai kallo

Saura tambaya ɗaya: me ke sa mutum ya sake zama gaban fim ɗin da ya san ƙarshensa? A 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel, Johannes Hofer, ya ƙirƙiri kalmar nostaljiya don bayyana ciwon kewar gida da ke kama 'yan Suwizalan da ke nesa da ƙasarsu. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin cuta. Binciken Constantine Sedikides da Tim Wildschut a Jami'ar Southampton ya nuna wata fuska dabam: tuna lokutan baya yakan rage kaɗaici, ya ƙara wa mutum jin cewa yana da nasa. Mai kallon Home Alone a karo na goma yana komawa ne ga ɗakin da ya fara kallonsa da mutanen da ke zaune tare da shi. Duk gidan da ake sake kunna tsohon fim ɗin Indiya ko na Kannywood a ranakun Sallah ya san wannan yanayi.

Sabon da ke sa tsohon fim ya yi daɗi shi ne dai ya sa aka ƙirga ɗan maƙwabta a madadin Kevin, kuma ƙwaƙwalwa ba za ta daina bin yanke ba, domin da shi take gudanar da harkokin yini. Abin da mutum zai iya shi ne sanin wuraren da yanken ke da tsada, wato inda akwai kuɗi, ko sa hannu, ko rai, ya rage sauri a nan. A duba ambulan kafin a miƙa jarida, a rubuta sunan wanda aka ɗora wa aiki, a tambayi kai dalilin kyautar da ta zo ana gab da ba da kwangila. Idan kuma an zo shiga mota da yara, a kira kowa da sunansa a ji ya amsa.